Ɗana, Duba Hajar Da Kake Sarowa Da Kunnenka

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka ɗan ara mini kunnenka, maganar ba ta faɗa ba ce. Kwanakin baya na shiga Kasuwar Singa da hantsi zan yi wa gida sayayya, na zauna kan benci a shagon wani tsohon abokina ina jiran 'yan dako su gama sauke mota. Yaron shagon yana tsaye a bakin sito da biro da ɗan littafi, yana ƙirga katan-katan na taliya da ake shigarwa, duk wanda ya ga ya lotsa ko gindinsa ya jiƙe sai ya ce a ajiye gefe, ya juya shi, ya duba ranar lalacewa da kamfani ya buga a jiki, sannan ya yarda a wuce da shi. Na ji daɗin ganin haka, domin da irin wannan yaro ake gane shagon da zai daɗe. Sai dai tun zuwana na lura da ɗan farin abin sauraro maƙale a kunnensa na dama, yana aiki yana gyaɗa kai, wani lokaci har da murmushi shi kaɗai. Da mota ta tashi na kira shi na ce me ake faɗa ne haka mai daɗi, ya ce, "Baba, wata hira ce kan matan yanzu, wallahi mutumin ya fasa ƙwai." Na ce wane ne mutumin, ya ce bai san sunansa ba. Na ce a wane shiri ya yi maganar, kuma me aka tambaye shi, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Turo mini aka yi."

Na koma gida ina ta juya abin a raina. Ga yaron da ba zai bari katan ɗaya ya shiga siton maigidansa ba sai ya san inda ya fito da ranar da zai lalace, amma ga magana ta wuce har cikin zuciyarsa, wadda ta fi kowane sito daraja, bai san mai ita ba, bai san farkonta ba, bai san ƙarshenta ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma a kansa nake so mu zanta, don na san kai ma kana sauraron irin waɗannan hirarrakin na intanet da ake kira fodkas, na kuma san da kyakkyawar niyya kake saurara, kana neman ƙarin sani ne da abin da zai ɗebe maka kewa a cikin hidimar yini.

Kada ka ɗauka ina cikin dattawan da ke ganin duk abin da ya fito daga waya sharri ne. Bahaushe ɗan muhawara ne tun fil'azal, a zaure, a dandali, a teburin mai shayi, a majalisar bayan la'asar. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana edita, mutum ɗaya ke karantawa a zaure sauran su saurara, sannan a shiga ja-in-ja har a kira isha. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, da magana su Malam Aminu Kano suka farkar da talaka. Sashen Hausa na BBC ya soma watsa shiri a 1957, muka girma da rediyo a kafaɗa, kuma da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 sai ga ɗan kasuwa da ɗan acaɓa suna jin muryarsu a iska. Abin da ke kunnenka yau jikan waɗancan ne. Jaridar Aminiya tana da shirye-shiryenta na sauraro irin su Najeriya A Yau da Daga Laraba, 'yan fim irin su Hadiza Gabon sun buɗe zauren hira a YouTube, ga kuma matasa ba iyaka da suka sayi makirufo biyu da kujera biyu suka ce bismillah. Bambancin da nake so ka riƙe guda ɗaya ne. Gidan rediyo yana da edita da ke tace magana, yana da lasisin hukumar NBC da yake tsoron rasawa, shi kuwa mai hira a waya sau da yawa ba shi da mai tacewa sai tsoron Allahn da ke zuciyarsa, don haka aikin editan ya dawo kanka kai mai saurare.

Kuma akwai alheri a ciki, ba zan ɓoye maka ba. Na ji yaran kasuwa da ba su wuce sakandare ba suna bayanin abin da a zamaninmu sai wanda ya je jami'a: cewa mafi yawan ɗanyen sukarin da ake tacewa a Legas daga Burazil ake shigo da shi, alkamar da ake niƙawa a yi fulawa da taliya ita ma akasarinta daga waje take, shi ya sa idan dala ta motsa a kasuwar canji ta Wapa da safe, kafin la'asar Singa ta ji a jikinta, balle a haɗa da kuɗin man tirelar da za ta ɗauko kayan daga bakin teku zuwa Kano. Na ji an tattauna abubuwan da kunya ta daɗe tana rufewa gidaje suna rushewa a ƙarƙashinta, kamar yawan saki, da dukan mata, da shaye-shaye, da gwajin jini kafin aure don gudun haifar 'ya'ya masu sikila. Wanda ya kawo irin wannan ya yi wa al'umma aiki, Allah ya saka masa.

Amma kai ɗan kasuwa ne ko jikan 'yan kasuwa, ka san babu mai buɗe shago don Allah da Annabi kawai, sai ka tambayi kanka me mai wannan shiri yake sayarwa. Amsar ita ce lokacinka da hankalinka yake tarawa ya sayar wa masu talla. A YouTube, ƙa'idar da aka fi sani ita ce mutum ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara raba kuɗin talla da shi, daga nan kuma yawan kallo shi ne yawan samu. Neman halali ne, ban ce haramun ba ne. Sai dai na'urar da ke zaɓo maka abin da za ka gani ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba, abin da ta sani kawai shi ne wace magana ce ke tsayar da mutum ya kasa wucewa, kuma ɗan Adam ya fi tsayawa inda ake faɗa a kan inda ake sulhu. To idan aka yi hira ta awa biyu, baƙo ya faɗi magana ɗari masu ma'ana da guda ɗaya mai zafi, wannan gudar ake yankowa, daƙiƙa talatin, a ɗora mata kanun da zai sa ka latsa, a bar abin da ya gabace ta da abin da ya biyo bayanta. Ita ce ke iso ka a bakin shago. Ka ga kenan abin da ka saya ba buhu ba ne, ɗan abin da aka ɗora a saman buhu ne don a ja mai saye.

Bari in ba ka misali da harkar kuɗi, tunda ita ce ta fi kusa da aljihunka. Ka tuna yadda shekarun nan suka zo mana. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, mutum da kuɗinsa a banki ya kasa sayen cefane. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, a ƙarshen Yuli aka yi juyin mulki a Nijar aka rufe iyaka, abokan cinikin Maraɗi da Damagaram da suka saba cika motoci a Singa suka ɗauke ƙafa, ba a buɗe iyakar ba sai Maris na 2024. A watan Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, kuma a lokacin kowa ya zama masanin tattalin arziki. Na san wani matashi, ɗan maƙwabcina, mai ɗan jarinsa daidai gwargwado, da ya ji wani a hira yana cewa da ƙarfin murya dala ba za ta tsaya ba sai ta ninka. Gab da azumi ne, ya ciwo bashi ya cika sito da kaya a kan tsada yana jiran tashi. Cikin Afrilu dala ta sauko ƙasa da 1,300, masu bashi suka zo, ya sayar da asara. Shi mai maganar yana nan yana wata hirar, bai san an yi ba, kuma ko ya sani ba shi zai biya ba. Na tambayi yaron ko ya yi shawara da maigidan da ya koya masa kasuwa, wanda ya ga hawa da saukar farashi tun kafin a haife shi, sai ya sunkuyar da kai. Dattijon yana layin da ke bayansa, tafiyar da ba ta kai ta shan ruwa ba.

Akwai kuma ɗaya gefen. A irin waɗannan hirarraki sau da yawa za ka ji an yi wa 'yan kasuwa kuɗin goro, an ce duk su ne suka jawo tsada, su kuma 'yan kasuwa su ce duk laifin dala ne da gwamnati, kowa ya ɗauki rabin gaskiya ya yi tuta da shi. Gaskiya tana da nauyi fiye da haka. Masu ɓoye kaya suna nan, har hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu rumbuna a Dawanau a Fabrairun 2024 bisa zargin ɓoye abinci, haka kuma akwai dubban 'yan kasuwa masu amana da suka sayar da kaya yau suka koma gobe kuɗin bai isa ya mayar da abin da ya fita ba. Wanda ya cika zuciyar matasa da cewa kowane mai shago azzalumi ne, ya tuna abin da muka gani a Kano a farkon Agustan 2024, lokacin da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe aka fasa shaguna har aka sa dokar hana fita. Yunwa gaskiya ce, kukan talaka haƙƙinsa ne, amma maganar da ba a auna ba takan kai wuta gidan da bai ci ba bai sha ba. Kai kuma idan Allah ya ba ka shago, kada ka mayar da "dala ce ta tashi" bargon da za ka lulluɓe son zuciya da shi, domin wanda ya san abin da ke siton kowa ba ya barci.

Inda abin ya fi damuna, ɗana, shi ne maganar so da aure, don asarar kasuwa ana mayarwa, amma gida idan ya tsage ɗinkinsa da wuya. Muhawarar ba yau aka fara ta ba. A shekarun 1990, lokacin da littattafan su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka cika kasuwa, malaman jami'a irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun daɗe suna fafatawa a jarida kan ko waɗannan littattafai gyara suke yi ko ɓarna. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya tayar da maganar dokar iyali da batun mai ƙaramin ƙarfi da ke tara mata da 'ya'yan da ba zai iya riƙewa ba, gari ya ɗauka. A Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta ɗaura auren gata na ma'aurata 1,800, aka sake komawa kan tsadar lefe da kayan ɗaki. Duk waɗannan maganganu ne da ya kamata a yi. Sai dai waɗancan mun san sunansu, mun san matsayinsu, idan sun yi kuskure akwai inda za a same su a ba su amsa. Yau kuwa saurayin da bai taɓa riƙe gida na wata ɗaya ba zai zauna gaban makirufo ya yanke wa matan duniya hukunci, ya ce duk kuɗi suke so, ya ce kada ka nuna wa mace so za ta raina ka, wata kuma daga can ta mayar da martani ta ce namiji ba ɗan goyo ba ne, kowa ya ci rabonsa ya gudu. Suna faɗa ana tafi, kallo yana ƙaruwa, kai kuma ka ɗauko wannan ka shiga da shi ɗakin yarinyar da ta bar gidan ubanta ta zo ta zauna da kai bisa amana.

Ka tsaya ka yi tunani, wannan mutumin bai san matarka ba. Bai ga ranar da kasuwa ta ƙi ba, ta sayar da 'yan kunnenta ta ba ka ba tare da ta faɗa wa ko mahaifiyarta ba. Idan ka shiga gida da fuska a murtuke don wani ya ce haka ake riƙe mace, ita ba ta ji hirar ba, abin da ta gani kawai shi ne mijinta ya canza, kuma daga nan zargi ke shiga, daga zargi sai yaji, daga yaji sai abin da ba ma fata. Ke ma 'yata, idan kina karanta wannan, ki ji da kyau, wadda ke ce miki duk maza ɗaya suke ba ta ga mijinki yana tsaye cikin rana tun safe yana jayayya kan ribar naira hamsin a katan don ya shigo miki da cefane ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma idan abin ya yi tsanani, ko akwai zalunci na gaske, kada ki yi shiru, akwai iyaye, akwai waliyyai, akwai malamai da kotu, waɗanda za su ji ta bakin kowa kafin su yi magana. Mai hira a waya ɓangare ɗaya kawai yake ji, wani lokaci ma ɓangaren ransa ne.

To yaya za ka yi? Abin da ka riga ka iya a kasuwa shi za ka yi, ba wani sabon ilimi nake kawo maka ba. Idan dillali ya kawo maka kaya kana tambayar na wane ne, to ka tambayi magana ta wace ce, me ya sani a kan abin da yake faɗa, a ina ya koya, kuma me zai samu idan ka yarda. Ba ka sayen buhu sai ka soka ka ga na ciki, to idan guntuwar hira ta taɓa maka zuciya ka nemo cikakkiyarta ka ji daga farko, sau da yawa za ka tarar mutumin bai faɗi abin da aka ce ya faɗa ba, ko ya faɗa ya kuma warware a gaba. Ka lura da wanda ke iya cewa "ban sani ba", shi ne abin riƙewa, Imam Malik da muke bin mazhabarsa da wannan aka san shi duk da tarin iliminsa. Wanda kuwa yau yake fatawa, gobe yake bayanin dala, jibi yake koyar da zaman aure, duk da murya ɗaya da tabbaci ɗaya, ka yi masa kallon mai shagon da ya ce babu abin da ba ya sayarwa. Kuma ka riƙa jin wanda ba ka yarda da shi ba har ya kai aya, domin mutumin da ba ya jin kowa sai mai gaskata shi kamar ɗan kasuwa ne da bai taɓa zagaya layi ya ji farashin maƙwabta ba.

Sannan ka tuna abin da ya sa Singa ta zama Singa. Kasuwar sari ce, abin da aka sauke a nan yau shi ne gobe a kantin unguwa a Gumel da Daura, jibi a tukunyar wata baiwar Allah a ƙauyen da ba ka taɓa zuwa ba, shi ya sa jabun kaya idan ya shigo ta nan cutarsa ke nisa. Kai ma duk lokacin da ka danna ka tura wa mutum ashirin guntuwar magana, ka tashi daga mai saye ka zama ɗan sari, alhakin duk inda ta sauka akwai kasonka a ciki. Alƙur'ani ya keɓe sura guda a kan masu tauye mudu, kuma a Suratul Hujurat an umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari, an hana mu zato da cin naman juna. Wanda ya yanko rabin maganar mutum ya watsa don a zage shi ya tauye masa mudu, ko da mutumin abokin hamayyarsa ne a siyasa ko a aƙida. Magana zarar bunu ce, kuma ta waya ta fi muni, don ko ka goge a wajenka tana nan a wayar wasu, wata rana 'ya'yan wanda aka ci wa mutunci za su girma su gani.

Idan kuma Allah ya sa kai ne aka miƙa wa makirufo, ko ka buɗe naka shirin, ina yi maka fatan alheri da zuciya ɗaya, muna bukatar masu hankali a wannan fage. Ka yi magana kamar mahaifinka da surukinka suna zaune a gabanka. Ka faɗi abin da ka sani ka tsaya a nan, ka ba baƙonka dama ya ƙarasa, kada ka tona asirin gidan da ya ba ka amanar labarinsa don ƙarin masu kallo. Mabiyanka za su yi jinkirin taruwa, na sani, kamar yadda mai gaskiya a kasuwa kan daɗe kafin shagonsa ya cika, amma a Singa kowa ya san shagunan da uba ya bar wa ɗa da abokan cinikinsu, kuma an san dalili.

Da na sake komawa shagon abokina bayan mako biyu, yaron nan ya tare ni tun daga bakin layi ya karɓi jakata. Ya ce ya nemo cikakkiyar hirar ya saurara da dare, ashe mutumin labarin wata mace ɗaya yake bayarwa, kuma a ƙarshe ma maza ya fi yi wa faɗa. Ya ce ya koma wajen waɗanda ya tura wa ya gaya musu. Na dafa kafaɗarsa na sa masa albarka, domin wanda ya iya bin kayan da ya sayar ya karɓo idan ya gano akwai aibu, wannan ya gama koyon kasuwa. Haka nake fata gare ka, ɗana. Ka saurara, ka ƙaru, ka yi muhawara da hujja da ladabi, amma ka tsaya a bakin ƙofar zuciyarka kamar yadda yaron nan ke tsayawa a bakin sito, kada komai ya shige sai ka juya shi ka duba. Allah ya tsare maka kunnenka da harshenka, ya sa albarka a kasuwarka, ya zaunar da gidanka lafiya.